Dogon allon soso ko gajeren faiba? Ƙanina, ɗauki dogon

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tun daren jiya na ga tambayarka: dogon allon soso mai ƙafa 8 za ka saya don hawan igiyar ruwa, ko gajeren na faiba mai ƙafa 6 da wani ya tallata maka a WhatsApp, tunda ka taɓa zamiya a kan dusar ƙanƙara a dutsen Erciyes lokacin da kake karatu a Turkiyya. Dogon za ka saya. Idan sauri kake yi, ka tsaya a nan ma ya wadatar.

Ni da gajeren na fara, kuma har yau idan na tuna kuɗin sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Lokacin ban daɗe da fara aikin fitar da kwantena a tashar Apapa ta Legas ba. Wata Asabar abokan aiki suka ja ni bakin tekun Tarkwa Bay, muka hau jirgin kwale-kwale mai inji daga tashar CMS, ƙasa da rabin awa muka sauka. Na zauna ina kallon yaran wurin suna yanka ruwa a kan wasu 'yan alluna masu tsinin baki, manyan jiragen dakon kaya na wucewa ta bayansu zuwa tashar da nake aiki. Na ce a raina, ni da na koyi iyo a kududdufan bayan ganuwa, me zai gagare ni? Kafin wata ya ƙare na mallaki irin nasu sak, fari mai jan layi. Asabar tara na yi ina zuwa da shi. Ban miƙe tsaye a kansa ko sau ɗaya ba. Idan na kwanta ya nutse da ni har ƙirji, idan na yi tuƙi da hannu igiyar ta wuce ta ƙarƙashina ta bar ni, idan kuma ta kama ni sai bakin allon ya soke cikin ruwa in yi ƙundumbala. Ruwan gishirin da na sha a watanni biyun nan ya isa a jiƙa kilishin sa guda.

A Asabar ta goma wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya iyo wurina. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce da Turancin buroka, "Aboki, wannan ba naka ba ne." Ya fita ya jawo wani dogon allon soso, shuɗin da rana ta cinye, gindinsa a gutsure kamar ɓera ya yi kwana uku a kai. Ya ce in kwanta, yatsun ƙafata su taɓa ƙarshensa, in ɗaga ƙirji, in daina kallon hannuna in kalli bukkokin bakin gaɓa. Muna cikin ruwa iya ƙugu. Da farar kumfa ta taho ya tura ni, ya kwatsa mini tsawa in tashi. Na tashi. Ƙafafuna na rawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, hannuwa a buɗe kamar mai korar kaji, amma allon bai ko girgiza ba, ya kai ni har inda ƙasansa ya gogi yashi. Bai fi daƙiƙa biyar ba. Ni da gemuna na tsaya ina kabbara, masu gasa kifi suna dariya. Ranar sau goma sha ɗaya na miƙe, ina ƙirgawa. A jirgin komawa hannuna ya kasa ɗaga robar ruwa, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Bayan wata biyu na samu nawa na hannu a wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu. Shekara huɗu ke nan muna tare. Uwargida tana ce masa katifar ruwa, kuma ba ta yi ƙarya ba. A kansa babban ɗana ya koya, a kansa ƙanwarsa take kwanciya in tura ta a kumfa, abokai uku daga Agege sun fara tsayuwa a kansa. Ya yi ƙura-ƙurai ko'ina, wajen da nake dafawa in tashi ya loɓa daidai tafin hannuna, amma ko gobe ka ce in sayar ba zan sayar ba.

Abin da ya raba allunan nan biyu lissafi ne na lita, wato yawan ruwan da jikin allon ke turewa ya ɗauke ka. Dogon soso mai ƙafa 8 yana kai lita 80 da ɗoriya. Gajeren faiba mai ƙafa 6 yana wajen lita 30. Ka ɗauko jarkar manja mai lita 25 babu komai a ciki: dogon kamar ka ɗaure uku ne ka kwanta a kai, gajeren kuma ɗaya da 'yar ƙari. Masu koyarwa kan ce ɗan koyo ya nemi allon da litarsa ta kusa kai nauyin jikinsa a kilo, kai kuwa ka ce kilo 78 gare ka. Allon da ya ɗaga ka sama da ruwa yana gudu da tuƙi kaɗan, yana shiga igiya tun tana tasowa, sai ka samu sararin ɗora ƙafa kafin ta karye. Gajere sai igiya ta miƙe ta yi gangare sannan yake shiga, a wannan ƙiftawar idon ake so ka riga ka tsaya. Wanda ya hau igiya ashirin a wuni yana koyon abu, wanda ya hau ɗaya yana koyon haƙuri ne kawai.

Batun Erciyes kuwa, ban raina maka ba. Zai taimake ka a abu ɗaya: ka riga ka san wace ƙafa kake sa wa gaba, ka saba tsayawa a kaikaice gwiwa a lanƙwashe. Iyakarsa ke nan. A dutse ƙafarka a ɗaure take da allon, keken waya ke ɗaukarka ya kai ka sama, gangaren kuma yana nan inda ka bar shi jiya. A teku da kafaɗarka za ka kai kanka, ƙafarka a sake take, daga kwance za ka yi zumbur ka miƙe, gangaren da kansa tafiya yake yi, kuma babu igiya biyu masu kama ɗaya. Mafi yawan lokacinka a ruwa tuƙi ne da jira. Wanda ya ci zinaren farko na hawan igiyar ruwa a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, Italo Fereira ɗan Brazil, a kan murfin kwalin soson da mahaifinsa ke zuba kifin sayarwa ya fara koya. Kuma a wasan ƙarshe na gasar, igiyar farko ce ta raba gajeren allonsa biyu, sai da ya fita ya sake wani. Shi yana da mai miƙo masa wani. Kai wa zai miƙo maka?

Akwai kuma maganar goshi. Duk ɗan koyo sai allonsa ya buge shi, babu makawa. Na soso idan ya same ka kamar an jefe ka da matashi mai nauyi ne. Na faiba ƙashi yake nema, fikafikan ƙasansa kuma suna yanka kamar wuƙar yankan albasa. Ina da tabo a haɓa, ɗinki huɗu, kyautar farin allona. Ranar Lahadi ko lokacin bukukuwa bakin ruwan cike yake da yara da masu wanka, kada ka zama mai sakin mashi a tsakiyarsu.

Kada in yi maka rufa-rufa, dogon yana da nasa ciwon kan. Ba ya shiga danfo, ba ya shiga Keke Napep, mai jirgi ma sai ya ƙara maka kuɗi yana gunaguni. Ni a can nake barinsa wurin masu ajiya ina biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba ya nutsewa ƙarƙashin igiya, sai dai ka rungume shi ka kifa kamar kunkuru ta wuce ta samanku. Yana goge ƙirji da ciki har su yi ja, don haka ka nemi riga mai kama jiki da wando mai rufe gwiwa, ka ga an jefi tsuntsu biyu, fata ta tsira, al'aura ta suturtu.

Gajeren kuwa, to, ba shi da nauyi, yana shiga bayan mota, kuma idan mutum ya ƙware shi ne ke juyi mai kaifi. Na faɗi alherinsa.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Mai tallata maka allon nan, ka taɓa allon da hannunka? Ba a cinikin biri a sama. Allo a ƙasar nan kusan duk na hannu ne, shigowa da shi ake yi, masu saye da yawa ba su san abin dubawa ba, shi ya sa 'yan damfara suka samu wurin kiwo. Akwai masu ɗauko hoton allo daga intanet su ce yana hanya, ka tura rabin kuɗi, daga nan lambar ta daina shiga. Akwai masu allon a hannu, amma gawa ce aka yi wa kwalliya. Nawa farin, sai da ya fara tsatsafo da ruwa mai ɗoyi na ɓanɓare wata babbar sitika a tsakiyarsa, na tarar ya taɓa karyewa gida biyu an haɗa an shafe da fenti.

Idan ka je dubawa, ka fito da shi rana. Ka bi jikinsa da babban yatsa kana dannawa, duk inda ya yi laushi ko ya yi ƙara kamar busasshiyar leda, fatar ta rabu da soson ciki ke nan, yawanci zafin rana ko na cikin mota ke jawo haka, kuma ciwo ne mai yaɗuwa. Ka ɗaga shi, idan ya yi nauyin da ya fi girmansa ya sha ruwa. Ka kalli siririn katakon da ya ratsa tsakiyarsa daga baki zuwa gindi, idan ka ga layi ya gicciye shi ko fenti ya rufe wani yanki kawai, ajiye ka yi sallama. Ka girgiza fikafikan, ka ja wurin da ake ɗaura igiyar ƙafa, wato wadda ke haɗa ƙafarka da allon, da ƙarfi. Sitika a wurin da ba na ado ba, ka ce a cire. Idan ya ƙi, ya ba ka amsa. Na soso ma ana duba shi: ka lanƙwasa shi kaɗan a kan cinya, idan ya yi laƙwas kamar tabarma sandunan cikinsa sun karye, ka kuma duba ko santsin ƙasansa ya fara ɗagowa daga gefe. Wani abin takaici, masu gyaran da ba su san aikin ba suna zuba gam ɗin da ake faci jirgin ruwa da shi a kan allon da cikinsa farin soso ne irin na kwalin firiji, shi kuwa wannan gam narkar da irin soson yake yi, sai a bar maka kogo a ƙarƙashin faci mai sheƙi. Kuma duk mai sayarwar da ya ji ɗan koyo ne kai, ya ce gajere ya fi maka don "ba za ka daɗe kana koyo ba", kayansa yake son rabuwa da su.

Ka haɗa da sabuwar igiyar ƙafa mai tsawon allon, wannan dabaibayin kada ka saye shi na hannu, shi ne tsakaninka da iyo mai nisa. Kakin da ake gogawa don kada ƙafa ta zame, ka tabbatar na ruwan zafi ne. Wanda aka yi don tekun Turai narkewa yake a ruwanmu ya koma kamar man shanu.

Ka fara da hunturu, lokacin teku ya fi kwanciya, da sassafe kafin iska ta juyo. Da damina igiyoyin da guguwar kudancin Atilantika ke turowa suna girma, ba lokacin sabon shiga ba ne. Ka tsaya cikin Tarkwa inda katangar duwatsun da Turawan mulki suka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa take rage wa ruwa ƙarfi. Kada ka tsallaka ɓangaren hasumiyar fitila, can teku ne tsagwaronsa. Kusa da duwatsun akwai ruwa mai ja zuwa ciki. Idan ya ɗauke ka kada ka saki allo, kada ka yi kokawa da shi gaba da gaba, ka tuƙa a kaikaice har ka fita daga hanyarsa. Idan kuma iyonka na wurin wanka ne na otal, ka faɗa wa mai koya maka gaskiya tun a kan yashi.

Yaran wurin su ne masu gida. Da yawansu iyayensu na cikin waɗanda aka tasa daga tsibirin a watan Janairun 2020, amma ba su bar ruwan ba. Ka yi musu sallama, wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa tasa ce, kada ka faɗa gabansa. Ka ɗauki ɗaya ya koya maka ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma yi hayar dogon allo sau biyu ko uku kafin ka zare kuɗin saye. Idan za ka duba wanda za ka saya, tafi da shi, idonsa ya fi naka da nawa.

Farin gajeren nawa yana nan a bayan ƙofar shago, na sa an gyara shi yadda ya kamata. Idan ka yi shekara a kan dogon, ka fara bin igiya a kaikaice kana juyawa hagu da dama, ka yi mini magana ka zo ka ara. Sai dai ka taho da naka kakin.