Na'urar Geiger ta aljihu a wurin sayen tsoffin ƙarafa: abin da na gani cikin wata uku

Shekara da shekaru ina sayen tsoffin ƙarafa a Maradi ina sayar wa maƙera da masu walda, kuma babban kayan aikinmu shi ne mayen ƙarfe, wanda muke rarrabe baƙin ƙarfe da sanholo da jan ƙarfe da shi. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin yaran da ke yi mini aiki, wai duk ƙarfen da ya sha tururin nukiliya yakan daina kama maye, don haka idan maye ya kama, lafiya lau. Wannan maganar ce ta sa na sayo ƙaramar na'urar Geiger, wato abin auna tururin nukiliya, domin wani lokaci bututu da rodi sukan zo mana daga arewa, kuma tun 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, mai binciken tururin nukiliya, ta gano gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom.

Gaskiyar lamarin ita ce maye ba shi da ta cewa a nan. Hasken gama, wato wani nau'in tururin nukiliya, yana ratsa ƙarfe ya wuce ba tare da ya rage masa ƙarfin kamawa yadda hannu zai ji ba. Sauyi na haƙiƙa yana faruwa ne a cikin tukunyar tashar nukiliya, inda ƙwayoyin niyutron suke dukan ƙarfe tsawon shekaru, su gusar da ƙwayoyinsa daga mazauninsu, ƙarfen ya ƙara tauri ya kuma yi saurin tsagewa. Wannan lahanin yana taɓa yadda ƙarfen ke karɓar maganaɗisu da yadda yake sakinsa, amma sai da na'urori masu tsada na ɗakin bincike ake iya aunawa. Abin da ke raba baƙin ƙarfe da maye baki ɗaya shi ne zafi, idan ya kai digiri 770, kuma da ya huce zai koma kamawa.

Ita na'urar ba ta fi wayar salula girma ba, ana cajinta da igiyar waya, kuma takan yi kwana biyu ba ta mutu ba. A filina tana nuna tsakanin 0.10 da 0.18 na maikurosibat (awon tururin nukiliya) a awa, wanda shi ne adadin da ake samu a yawancin wurare. Don in tabbatar ba ado ba ce kawai, na aro sandar walda ta tungsten mai jan baki, wadda ke ɗauke da toriyom kashi 2 cikin 100, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya, na ɗora ta a bayan na'urar. Cikin ƴan daƙiƙoƙi ƙarar ƙyas-ƙyas ɗin ta ƙaru, lambar ta hau. Wani tsohon maƙeri da ke tsaye ya ja da baya yana salati, har sai da na ɗauke sandar.

Na'urar tana da aibu. Allonta ba ya karantuwa a cikin rana, sai na kāre shi da hula, takardar bayaninta kuma babu Faransanci balle Hausa. Tana da nawa wajen amsawa, saboda haka wanda ya wuce tulin ƙarfe da sauri ba zai ga komai ba, dole a bi shi a hankali, kusa da kusa. Abin da ya fi damuna shi ne abu mai haɗari da ke rufe cikin kwanson darma a ƙarƙashin tuli yana iya ɓoye mata, kuma daga irin wannan kwanson, wanda masu tsintar ƙarfe suka fasa a Goyaniya ta Brazil a 1987, sinadarin siziyom mai fitar da tururin nukiliya ya fita ya kashe mutum huɗu.

Har yau ba ta kama komai a kayana ba. Duk da haka na sa doka cewa ba a sauke kaya daga mota sai an zagaya shi da ita, musamman tsofaffin bututu masu daskararren datti a ciki, kuma ina saka ta cikin leda saboda ƙurar hunturu.