Sharhi: bin tsohon layin dogon Whitby a tsofaffin taswirori

Babban ɗakin karatu na ƙasar Scotland ya zuba tsofaffin taswirorin hukumar safiyo ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, a intanet, kowa ya duba ba ko sisi. Na jima ina amfani da shafin. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan'adam, kana jan maɓalli tana dusashewa har ƙasar yau ta bayyana a ƙarƙashinta.

Na gwada shi da layin dogon da ya haɗa Scarborough da Whitby, garuruwan bakin teku a yankin Yorkshire na Ingila. An buɗe layin a 1885, aka rufe shi a 1965, bayan rahoton Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, na 1963 ya ba da shawarar a datse layukan da ba sa kawo riba. Yau hanyar keke ce da 'yan tattaki. Amma a taswira mai ma'aunin inci 6 ga mil ɗaya komai na nan daram: tashoshi, gadoji, inda aka fasa tudu, inda aka yi ciko.

Layukan da ke nuna tsayin ƙasa su ne suka biya ni. Hoton sama yana shafe tudu da kwari, sai ka yi ta mamakin me ya sa jirgin yake wannan kwana-kwana. A taswirar kuwa da idonka za ka ga layukan sun cunkushe wajen ƙauyen Ravenscar, inda dogon ya kai ƙafa 631 sama da teku, da hawan ƙafa 1 a kowace ƙafa 39. Ga jirgi mai aiki da gawayi, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, balle in hazon teku ya jiƙa ƙarfen. Kusa da Whitby kuma ga gadar Larpool ta jan bulo, mai baka 13, ta ƙetare kogin Esk.

A lura, kafin 1897 sunan tashar Ravenscar Peak ne, kada wani ya yi ta nema a tsohon bugu ya rasa.

Shawarata a buɗe shafin a kwamfuta. Rubutun masu safiyon da ƙanana ne ƙwarai, allon waya ba ya wadatar da su.