Wurin kaunselin na masu sikila a Kaduna, yadda na same shi

'Yan uwa masu sikila sun dame ni da tambaya kan wurin da nake zuwa, to ga bayani kowa ya huta. Da farko dai ba asibiti ba ne, ba a rubuta magani ba a allura, zama ake yi da wata Anti wadda ta karanci halayyar dan Adam, kuma idan ta ga abin na likita ne kai tsaye za ta ce ki koma kilinik dinki. Na fadi haka ne saboda mu da an ce shawarar kwakwalwa sai hankalin mutane ya tafi asibitin tabin hankali na Barnawa ko Dawanau, kamar sai wanda ya fara tsince-tsince a bola ke da damuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta dauki ciwon da gaske. Duk mai sikila ya san kallon nan da ake mana idan muka nemi allurar penta mai kashe zafin ciwo, kallon 'yar kwaya, alhali kashinka kamar ana sara da gatari. Ita ba ta yi min wannan ba, amma kuma ba ta boye min cewa penta tana kama mutum ba, ta ce maganar rage ta da likitana za mu yi. Sai ta ba ni karamin littafi, duk ranar da ciwo ya motsa in rubuta karfinsa daga 0 zuwa 10, barcin da na samu, ruwan da na sha, da ko raina ya baci. Wallahi da muka zauna muka duba tare sai ga abubuwan da ke tayar min da ciwon baro-baro, sanyin hunturu kam na sani tun ina yarinya, amma rashin barci da fada a gida ban taba lissafa su ba. Ciwon bai tafi ba fa, kar wani ya ce na ce, tsoron zuwansa ne ya ragu, kuma numfashin da ta koya min yana rike ni kafin a kai ni asibiti.

Maganar kanina da ya rasu da wannan ciwon ma a nan na iya yinta. A gida bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, ka yi kuka a ce ba ka da tawakkali. Anti ta bar ni na yi kukana, ta miko min tishu, bayan nan muka yi masa addu'a tare.

Tana kuma zama da masu shirin aure da gwaji ya nuna dukkansu AS ne, wato suna dauke da kwayar sikila, kuma tunda Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024 irin wadannan za su karu, don takardar gwaji ba ta koya wa mutum yadda zai rabu da wanda yake so.

Inda suka gaza kuwa, kudin ya yi yawa gaskiya ga wanda kullum yana sayen magani, sannan dakin jira a bude yake, yarinyar da ke tebur kuma sai ta kwala kiran cikakken sunanki kowa na ji, wannan ya kamata su gyara. Anti ma wani lokaci Turanci na kwace mata, sai kin ce ta maimaita da Hausa. Idan za ki je ki nemi lokacin safe, mutane ba su da yawa, ki tafi da katin kilinik dinki da sunayen magungunan da kike sha don za ta tambaya.