Asibitin da ya bambance mana ciwon ƙoda da ciwon bayan noma

A watan Yuli na bana, ana tsakiyar maimai, na ɗauki mutum biyu daga gonata da ke kan hanyar Tibiri zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin garin Maradi. Ɗaya ɗan ƙanwata ne, ɗayan kuma dattijo ne ɗan barema da ya daɗe yana aiki tare da mu. Kukansu ɗaya ne, wato baya, kuma dukansu sun yi kwanaki suna shan maganin kashe ciwo mai suna diclofenac da suka saya wurin masu yawo da magani a kasuwa. Na je ne da zaton za a rubuta musu magani iri ɗaya mu koma gona.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitan bai taɓa alƙalami ba sai da ya ce kowannensu ya nuna masa wurin ciwon da hannunsa. Yaron ya ɗora tafinsa a gefe guda, ƙasan haƙarƙari, kuma da likita ya ɗan buga wurin a hankali sai ya zabura. Zafin jikinsa ya kai digiri 39, yana rawar ɗari, ya kuma amsa cewa fitsari yana yi masa zafi, abin da kunya ta hana shi faɗa mini a gida. Da yake damina ce, an fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a samu ba. Daga nan aka auna fitsari nan take, aka ajiye wani don gano irin ƙwayar cutar, aka ɗebi jini don duba aikin ƙoda, sannan aka yi hoton ciki ko akwai tsakuwa da ta toshe hanya. Likitan ya bayyana mini da Hausa cewa galibi ƙwayoyin cutar daga hanji suke fitowa, su shiga mafitsara, su haura har ƙoda, kuma wanda ya yini cikin rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa, idan ya ɗora da irin wannan maganin kashe ciwo, ƙodarsa ce ke biyan bashin. Ya kuma tambayi yaron ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari, ko yana shiga tafki ko Gulbin Maradi, saboda tsargiya. An yi masa allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka bi da na haɗiya har kwana 10, tare da gargaɗin kada ya daina don kawai zazzaɓin ya sauka.

Dattijon kuwa ba shi da zazzaɓi, fitsarinsa lafiya lau, ciwon ya ratsa ƙugunsa ne, yana tsananta idan ya sunkuya, yana lafawa idan ya kwanta. Likita ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi ko suna mutuwa ko fitsari yana kufce masa, ya ce a'a. Na nemi a ɗauki hoton ƙashin bayansa, amma likitan ya ce: "Alhaji, riƙe kuɗinka, wannan ciwon hauya ne, hoto ba zai ƙara mana komai ba a yanzu." A ganina wannan amsa ita ce mafi darajar abin da na samu a ranar, domin asibitin kuɗi ne, kuma da ya yarda ba zan yi gardama ba. Ya ba shi paracetamol, ya tambaye shi cikin ladabi ko yana shan tramol don ƙarfin aiki, ya ce kada ya yini a kwance, ya riƙa miƙewa tsakanin kunya da kunya, ya sa wa hauyarsa doguwar ƙota, ya kuma durƙusa da gwiwa idan zai ɗaga buhu.

Wurin yana da nasa aibi. Mun iso da ƙarfe 8 na safe, ba mu ga likita ba sai dab da azahar, alhali yaron yana karkarwa a kan benci. Ba a manna farashin komai a bango ba, kowane gwaji sai an koma wurin biya, abin da zai iya sa talaka ya tsaya a rabin hanya. Takardun sakamako duk da Faransanci suke, kuma ɗaya daga cikin magungunan sai a wani kantin magani na waje muka samo shi.

Duk da haka, da muka koma bayan kwana 3 karɓar sakamakon fitsarin, likitan ya tuna da yaron, ya tabbatar cewa maganin ya dace da ƙwayar da aka gano. Wanda zai kai ma'aikacinsa can ya yi sammako, ya kuma tafi da kwalayen duk abin da mara lafiyar ya sha, domin za a nema. Yaron ya koma gona kafin a fara yankan gero, dattijon kuma yana aiki da sabuwar ƙota, ko da yake har yanzu bayan yana taɓa shi duk ranar da aka yi dakon buhuna.