Ɗoɗɗoya mai ƙamshin kirfa: abin da na gani bayan wata huɗu da shuka ta

Ɗan ƙaramin fakiti na saya, an rubuta Ocimum basilicum 'Cinnamon' a jikinsa. Ɗoɗɗoya ce, nau'in da ke ƙamshin kirfa, wasu kuma na kiranta ɗoɗɗoyar Meziko. Da shakka na saye shi, don na ɗauka sunan na talla ne kawai. Yau wata huɗu ke nan, kuma idan na shafa ganyenta da safe, ƙamshin yakan biyo tafin hannuna har cikin ɗaki.

Irin baƙi ne, ƙanana ƙwarai. Da ruwa ya taɓa shi sai wani farin yauƙi ya lulluɓe kowace ƙwaya. Gabana ya faɗi, na zaci ya lalace, ashe haka halinsa yake. Na barbaɗa shi a tukwane uku, na rufe da ƙasa sama-sama, abin da bai wuce rabin santimita ba. A rana ta 7 tsiro ya fara leƙowa.

Tukunya ɗaya na yi asararta tun da wuri. Hudar gindinta ba ta isa ba, ruwa ya kwanta, sai yabanyar ta ruɓe daga tushe ta zube cikin kwana biyu. Wannan ne ƙorafina a kan fakitin: ya faɗi zurfin shuka da tazara, amma bai ce uffan ba game da yawan ruwa, alhali shi ke kashe ta tana ƙarama. Yanzu sai na tsoma yatsa na ji saman ƙasar ya bushe kafin in ba ta ruwa.

Rana kuwa, tana sonta sosai, awa 6 zuwa 8 a yini. Wadda na ajiye a inuwa ta yi ta miƙewa siririya, ƙamshinta ya yi sanyi, sai da na mayar da ita fili ta murmure.

Abin da ya fi komai amfani shi ne tsinke mata kai. Da ta kai kamar santimita 15, na sa farce na cire kan daidai saman ganye biyu masu fuskantar juna. Na ji ba daɗi, don kamar ɓarna ce. Bayan mako guda sai ga rassa biyu sun toho a wurin, na sake tsinke su, biyu suka zama huɗu. Haka ta cika tukunya, tsayinta ya haura rabin mita, karan nan ja-ja mai ruwan shunayya, ganyen kore shar mai sheƙi da ɗan tsaga a gefe. Idan aka bar ta ta yi fure, ganyen yakan ragu kuma ya ɗan yi ɗaci. Duk da haka na ƙyale reshe biyu suka yi, saboda ƙudan zuma ba sa rabuwa da furen.

Kada mai saye ya ɗauka za ta maye masa gurbin kirfa. Kirfa ɓawon itace ce, ita kuwa wannan wani sinadari ne a ganyenta, methyl cinnamate, ke ba ta ƙamshin, kuma bai kai na kirfa ƙarfi ba. A shayi na fi jin daɗinta: ganye huɗu a ruwan zafi, a rufe kofin na ɗan lokaci.

Ba ta jure sanyi. Ganyen da na sa a firiji ya yi baƙi washegari. Rassan da na tsoma a kofin ruwa kuwa sun zauna lafiya, har suka fitar da fararen saiwoyi cikin kwana 10, na dasa su a tukunyar nan da ta mutu bayan na ƙara mata huda.

Zan sake shuka ta, amma ba sai na sayi wani fakitin ba. Furen da na bari ya bushe, jiya na murje shi a kan farar takarda na tara irin a ambulan.