Wata tara ina shan sertraline: sharhina a kan maganin ciwon damuwa

Na fara shan sertraline ne a hunturun da ya wuce, bayan na shafe kusan wata biyar ina fama da abin da muka ɗauka taifot ce ta ƙi jin magani. Barci yakan ƙaurace mini tun kafin kiran assalatu, abinci ya fita daga raina, kuma shagona da ke kan titin Bauchi, wanda a da nake buɗewa da ƙarfe bakwai, sai ya kai azahar a rufe. A shekarar ne mahaifinmu ya rasu, bashi kuma ya yi mini katutu, amma a gida an fi karkata ga cewa sammu ne. Yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ta ce mini, "Ƙanena, ruƙiyya ba ta hana ganin likita," sannan ta raka ni wani asibiti a nan Jos.

Likitan ya yi mini tambayoyi masu yawa, ya sa aka gwada jinina, sannan ya bayyana mini cewa ciwon damuwa ba shi da dalili guda, domin gado da rashi da ƙuncin rayuwa da doguwar jinya sukan haɗu su haifar da shi. Ya rubuta mini miligiram 50 kowace safiya.

Makonni biyun farko sun yi mini wuya ƙwarai. Tashin zuciya da gudawa da ciwon kai suka taru a kaina, fargabar ma ta ƙaru, har na yi tunanin an ba ni maganin da ba nawa ba. Sai a mako na huɗu barci ya fara dawowa, a na shida kuwa na ji ina marmarin masa da miyar taushe, abin da na manta rabon da in ji. Ban samu wani farin ciki na musamman ba, kuma masu bina bashi ba su daina zuwa ba, illa dai nauyin da ke danne mini ƙirji ya ragu har na iya zama da su mu tsara yadda zan biya. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2018 ya gano cewa magungunan damuwa 21 da aka duba duk sun fi ƙwayar bogi (wadda ba magani a cikinta, da ake bayarwa don kwatance) aiki, amma ratar matsakaiciya ce, kuma haka na gani a jikina.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya gaya mini cewa maganin yana rage sha'awa a mu'amalar aure. Na yi wata biyu ina kunyar tambaya, mai ɗakina kuma tana zaton wani laifi ta yi, alhali magana ce da likita zai iya gamawa cikin minti ɗaya.

Kuskure na biyu nawa ne. A wata na huɗu, da na ga na samu sauƙi kuma kuɗin maganin yana cin aljihu (ya fi amitriptyline, wani maganin damuwar, tsada sosai), sai na daina sha. Cikin kwana uku jiri ya kama ni, ina jin kamar lantarki yana fizgar kaina. Da na koma, likitan ya ce, "Malam, ba a yanke shi lokaci guda. Za ka ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, sannan mu rage a hankali." Ya kuma ja kunnena game da tramadol, wanda haɗa shi da sertraline kan jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa masu haɗari. Masu 'ya'ya matasa su lura da kyau, domin hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna suna iya ƙara tunanin kashe kai ga 'yan ƙasa da shekara 25, musamman a makonnin farko.

Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam ya amfane ni, sai dai sau uku kacal na samu saboda yawan masu jira. Yanzu ina buɗe shago da ƙarfe takwas, kuma a ganin likita na wata mai zuwa za mu fara rage ƙwayar zuwa miligiram 25.