Ba'indiye a Houston: ya ɗauki hayar mota, ko Uber da jirgin cikin gari sun ishe shi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce maigidan da kake haya a wurinsa a Delhi zai je Houston yawon buɗe ido na mako biyu tare da uwargidansa, dattijo ne da ya daɗe yana tuƙi a Indiya, kuma yana neman shawara: ya ɗauki hayar mota tun daga filin jirgi, ko ya dogara da Uber da bas da jirgin ƙasa na cikin gari? Shawarata ita ce kada ya karɓi mukullin mota ranar da ya sauka. Ya fara da kwanaki babu mota, a masaukin da ke bakin layin jirgi, sannan ya ɗauki haya na kwana uku ko huɗu don wuraren da ke nesa, in har ya ga zuciyarsa ta kwanta da tuƙin. Ga dalilaina.

Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne faɗin garin. Houston ce ta huɗu a yawan jama'a a Amurka, mutum miliyan 2.3 a ƙidayar 2020, amma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 1,600. Delhi gaba ɗayanta murabba'in kilomita 1,483 ce, ga kuma jama'ar da ke cikinta. Mumbai da ta haura mutum miliyan 12 ba ta kai rabin Houston a faɗi ba. Mutumin da ya saba fitowa ƙofar gida ya tarar da mai shayi da mai kayan miya da mai magani a jere, ya ɗaga hannu adaidaita sahu ta tsaya, zai fito daga otal a Houston ya ga titi mai hannu shida, da filin fakin, kuma ba kowa a ƙafa. A unguwanni da yawa hanyar masu tafiya a ƙasa takan yanke kwatsam, sai ciyawa da lambatu. Duk lissafin da za a yi daga nan yake farawa.

Jirgin cikin gari da bas su ne mafi araha, nesa ba kusa ba: dala ɗaya da kwata ne shiga ɗaya. Amma a gaya masa kada ya zo da Delhi Metro a ransa. Ta Delhi da aka buɗe a 2002 ta haura kilomita 350 yanzu. Jirgin Houston, METRORail, layi uku ne kacal, duka ba su kai kilomita 40 ba, kuma a kan titi yake tafiya tare da motoci. Jan Layi da aka buɗe a 2004 shi ne mai amfani ga baƙo, kuma amfaninsa ba kaɗan ba ne. Yana ratsa tsakiyar gari, ya bi ta unguwar gidajen tarihi inda akwai Museum of Fine Arts da Houston Museum of Natural Science, ya tsaya a bakin Hermann Park mai gidan zu da mutum-mutumin Mahatma Gandhi, ya wuce Jami'ar Rice da Texas Medical Center, ya kai filin wasa na NRG. Wannan filin ba baƙo ba ne a kunnen Ba'indiye, domin nan ne Narendra Modi ya yi taro da mutum kusan 50,000 a Satumbar 2019. Wanda ya kama otal a gefen wannan layin zai cika kwana uku ko huɗu da kallo ba tare da ya biya kuɗin fakin ko sau ɗaya ba. Ga kuma bas mai lamba 82 da ke bin titin Westheimer daga tsakiyar gari zuwa Galleria, babbar cibiyar kantunan da masu zuwa tsaraba ba sa wucewa, kuma tana zuwa a kai a kai.

Daga nan kuma jirgin ya gaza. Ba ya zuwa filin jirgin sama na George Bush, wanda ke kusan kilomita 37 arewa da tsakiyar gari. Bas mai lamba 102 tana zuwa, amma ga dattijo da uwargida da akwatuna bayan doguwar tafiya ta Dubai ko Doha, ban ga dalilin wahalar ba. Ba ya zuwa cibiyar NASA. Ba ya zuwa wuraren ibadar Hindu. Ba ya zuwa Hillcroft, unguwar shaguna da gidajen abincin Indiyawa. Wato wuraren da suka fi jan Ba'indiye zuwa Houston, kusan dukkansu suna bayan inda layin ya ƙare.

Uber da Lyft su ne ke cike wannan giɓin. Uber ya san ta tun gida, manhajar da ke wayarsa za ta yi aiki, in dai ya sa katin banki da ke biya a ƙasar waje kuma wayar tana da intanet. Ba ruwansa da neman hanya, ba ruwansa da inshora, ba ruwansa da fakin. Daga filin jirgi zuwa otal babu abin da ya fi ta. Zuwa cin abincin dare a Hillcroft ma haka. Matsalar ita ce nisa shi ne kuɗi, kuma Houston nisa ce. A Delhi ɗan hawa ɗaya ba ya taɓa aljihu. A nan tafiyar rabin sa'a takan ci gomiyoyin daloli, farashin yana tashi lokacin tashi daga aiki ko in ana ruwa, kuma ana sa ran ya ba direba tukuici a kai. In ya juya kuɗin zuwa rufi, kuɗin Indiya, sai hankalinsa ya tashi. Abin da na fi jin tsoro ma ba kuɗin ba ne, tauyewar da yake jawowa ce: mutum ya fara cewa wancan wurin a bar shi, ya yi tsada, har ya koma gida bai ga rabin abin da ya kawo shi ba.

Duba wuraren da nake nufi. Space Center Houston, inda baƙi ke shiga ganin cibiyar Johnson ta NASA, tana kusan kilomita 40 kudu maso gabas. Nan ne 'yar sama jannati Kalpana Chawla, haifaffiyar Karnal a jihar Haryana, ta yi horo kafin ta rasu a kumbon Columbia ranar 1 ga Fabrairun 2003, kuma mutumin Delhi ba ya buƙatar a gaya masa ko wace ce ita. Akwai kumbon Saturn V na gaske kwance a cikin wata doguwar rumfa. Daga can in aka ci gaba a kan babbar hanyar I-45 sai tsibirin Galveston a bakin teku, kusan kilomita 80 daga tsakiyar Houston, kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Wurin ibada na BAPS Swaminarayan da aka buɗe a 2004, na farin dutse sassaƙaƙƙe, yana Stafford ta kudu maso yamma. Na Meenakshi, mai ginin irin na kudancin Indiya, yana Pearland ta kudu. Da mota, NASA da Galveston yini ɗaya ne mai daɗi, a tsaya inda aka ga dama. Da Uber kuwa hawa uku ne masu tsawo, na ƙarshen kuma da yamma daga tsibiri, ana fatan a samu direban da zai yarda ya yi nisan. A irin wannan rana hayar mota ta fi arha kuma ta fi kwanciyar hankali, ba ma a haɗa su.

To sai maganar tuƙin kansa, kuma a nan nake so ka zauna da shi sosai. Mu da muka taso da tuƙin hannun dama, tunda Najeriya ta sauya tun 1972, ba ma ganin girman abin. Shi kuwa a hannun hagu ya yi rayuwarsa, sitiyari a dama. A Texas komai ya juye. Miƙaƙƙiyar hanya ba ta da wuya, yana bin na gabansa. Inda ake shiga haɗari shi ne kwana, musamman kwanar hagu a mahaɗar da babu wata mota da zai yi koyi da ita, ko fitowa daga gidan mai da dare: hannu yakan koma ga abin da ya saba kafin kwanya ta ankara. Ko sandar sigina ma ta sauya gefe, wanda ya saba da motar Indiya irin Maruti zai tayar da waifa yana nufin nuna kwana. Sauƙin da zai samu ɗaya ne, motocin haya kusan duka masu sauya giya da kansu ne, babu kuloci.

Kuma tuƙin Delhi da na Houston ba fasaha ɗaya ba ce. Gwanin Delhi ya iya kutsawa a cunkoso a hankali, yana magana da hon, yana karanta fuskar kowa. A Houston gudu ne: mil 60 ko 65 a sa'a a kan manyan hanyoyi, wato kilomita 100 ko fiye, kowa a cikin layinsa, kuma ana sa ran wanda zai shigo ya taka totur ya daidaita da gudun hanya kafin ya haɗe. Shiga a hankali, wanda a wurinsa taka-tsantsan ne, a nan shi ne haɗarin. Katy Freeway, wani yanki na I-10 ta yamma, tana kai hannu 26 a wani wuri in an haɗa da titunan gefe. In ya wuce mafitarsa ya ci gaba zuwa ta gaba, kada ya taka burki, kada ya ja baya. Hon kuma ya manta da shi sai in haɗari ya gani, domin a can ana ɗaukarsa kamar zagi. Alamar STOP tsayawa ce cak ko babu kowa, kuma a mahaɗar da kowa ke da ita, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa. An yarda a sha kwanar dama a jar danja bayan an tsaya, sai inda allo ya hana. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa in ta tsaya ta kunna jajayen fitilu, dole ya tsaya. In ɗan sanda ya kunna masa fitila, ya gangara gefe, ya zauna cikin mota, hannaye a kan sitiyari, kada ya fito, kuma kada ya kuskura ya nuna kuɗi. Wannan na ƙarshen ka maimaita masa.

Kuɗin haya ma ba wanda ake gani a allon talla ba ne. A kansa akwai haraji, akwai inshora, wadda baƙon da ba shi da motarsa a Amurka bai kamata ya tsallake ba, musamman wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani. Kamfanoni sun fi son katin bashi na banki da sunan direban, kuma sukan riƙe wani kuɗi a kansa har a dawo da mota. Ya zo da lasisinsa na Indiya, ya kuma karɓi takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa daga ofishin RTO, mai ba da lasisin tuƙi a Indiya, kafin ya taso, sannan ya tabbatar da kamfanin tun yana gida cewa za su karɓa. Hanyoyi irin su Sam Houston Tollway da Westpark na biya ne, kuma babu wanda zai miƙa wa kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lamba, kamfanin haya ya caje shi daga baya da nasa ƙarin. Zai iya sa manhajar taswira ta kauce musu. A gidan mai shi zai zuba da kansa, da galan ake sayarwa, kusan lita 3.8, kuma in famfon ya ƙi katinsa sai ya shiga ciki ya biya. Otal-otal na tsakiyar gari suna cajin fakin kowane dare, wanda shi ma dalili ne na kada ya ajiye mota a kwanakin da jirgi ya ishe shi. Kada kuma ya bar jaka ko fasfo a kujera inda ake hange, ana fasa gilashi.

Akwai abin da zai iya rushe duk wannan tsarin. Indiyawa da yawa da ke zuwa Houston gidan 'yan'uwa suke sauka, a Sugar Land ko Katy ko Pearland. In haka ne, maganar jirgi ta faɗi, domin a waɗannan unguwannin ko madara ba a sayowa a ƙafa. Masu gida za su fita aiki da safe da motocinsu, baƙi su wuni a falo suna jiran Asabar. Iyaye da yawa haka ziyararsu ke ƙarewa, kuma abin yana ba ni tausayi, mutum ya ƙetare rabin duniya ya zauna kallon talabijin. In can zai sauka, ya fi buƙatar mota fiye da mai zama a otal, kuma yana da sa'a ɗaya: titunan unguwa shiru suke, ɗan'uwansa zai iya zama a gefensa kwana biyu yana koyon kwana kafin ya hau babbar hanya. In kuwa akwai jika a tafiyar, dokar Texas ta wajabta kujerar yara ga wanda bai kai shekara 8 ba, sai in tsawonsa ya wuce ƙafa 4 da inci 9. Direbobin Uber yawanci ba sa yawo da ita, kamfanin haya kuwa yana bayarwa in an biya.

Abinci ba zai zama damuwa ba ko da wace hanya ya zaɓa, in dai ya isa Hillcroft, yankin da aka raɗa wa sunan Mahatma Gandhi a 2010. Shagunan sari da na gwal da gidajen abincin Indiya da Pakistan ne a jere, na masu cin ganye zalla da na halal. Sai dai ko a can, daga wannan rukunin shaguna zuwa wancan, tsallaka titin a ƙafa aiki ne.

Ka tambaye shi wane wata zai tafi, domin yana sauya amsar. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana kai digiri 34 ko 35 da gumi mai nauyi, jiran bas na minti ashirin a rana ba abin da zan so wa dattijuwa ba ne, ko da ta saba da bazarar Delhi. Lokacin guguwar teku kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma garin shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya wuyar kwanciya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nuna haka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu ne tafiya a ƙafa tsakanin tashar jirgi da gidajen tarihi ke da daɗi. In kuwa ruwan sama mai ƙarfi ya same shi yana tuƙi, ya ga ruwa ya taru a ƙarƙashin gada, ya juya ya nemi wuri mai tudu ya jira. Zurfin ba ya ganuwa daga cikin mota, kuma a irin waɗannan wuraren ne ake rasa rayuka a Houston.